Haƙori Hamsin da Bakwai

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce, wai namiji mai shekara arba'in da bakwai ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya, in je in ja carbi. Na gode Hajiya. Carbi ina ja. Wannan kuma in ban faɗa ba zai ci ni, don ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan. Wanda bai karanta na baya ba kada ya damu, ga ni nan a taƙaice.

Sunana Mailafiya. Bakanike ne ni, ɗan Kurna a Kano. Umara na zo shekara goma sha biyar da suka wuce, jirgi ya koma, ni ban koma ba. Ba ni da igama, wato takardar zama. Matata ta jira shekara huɗu, ta nemi takardarta ta waya, na ba ta, kuma ban ga laifinta ba. Ina kwana a wani ɗaki bayan warsha, wato garejin gyara, a Rusaifa. Katifa, fanka, ƙusa uku a bango. Ɗaya kayan aiki, ɗaya jallabiyar Juma'a, ɗaya ba komai.

Warshar ta Abdulmuhaimin ce. Su haifaffun nan ne, kakansu ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina, suna da takardun ƙasa, gidansu a Shisha. Shi ke da ƙungiyar tseren babur ɗin da nake wa aiki, ƙaninsa Rakan kuma shi ne babban mahayinmu. Kada ku kawo babur ɗin acaɓa a ranku. Wannan ba shi da birki, giyarsa ɗaya, ba fitila ba madubi. Mutum huɗu ake saki a filin ƙasa mai siffar ƙwai, zagaye huɗu, kullum hagu ake yi. In an zo kwana ba a rage wuta, sai dai a kwantar da babur ya tafi a kaikaice, ƙafar hagu da takalmin ƙarfe tana shara ƙasa. Na ɗaya maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya ci ƙura. Mu a daraja ta biyu muke, ta ƙananan ƙungiyoyi, inda motocin 'yan kallo ba sa kai talatin, kuma ba mai tambayar bakanike sunan ubansa.

Kakar bana wasa goma ce, daga shigowar sanyi zuwa fitarsa, ranar Juma'a bayan la'asar. Biyar a filinmu, can bayan gari amma kafin shingen taftish, inda ake binciken takardu. Biyar a waje, su Jidda, Ɗa'ifa, Bahra. Na wajen nan ban taɓa zuwa ko ɗaya ba cikin shekara tara. Mai igama ke wuce shinge. Ni in na gwada, sai gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a kora, sai Kano da leda a hannu.

Ranar wasan waje ni nake ɗaure baburan a mota, in duba igiya sau biyu, su ce yalla su tafi. In ja ƙofar warsha zuwa rabi, in kifa bokiti in zauna, in jingina waya a jikin akwatin sifana. Shi ke nan filina.

Da kunne nake aiki. A tayar baya akwai faifai mai haƙora wanda sarƙa ke hawa, ana canza shi gwargwadon ƙasar fili. In ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, tana kama taya, mai haƙori sittin ake sawa. In ta bushe ta yi santsi, sai a sauko hamsin da takwas ko da bakwai. Tun da ba na ganin filin, sai in ce a dunƙulo ƙasar kwana ta farko a jefa a ƙofar mota, waya na kusa. In na ji dum, jiƙaƙƙiya ce. In na ji shaa ta watse, busasshiya. Sannan a tayar da injin a kara min in ji numfashinsa. Shekara tara ban taɓa kuskure ba. Ku riƙe wannan.

Yanzu Kabira.

Ƙanwar Abdulmuhaimin ce, yayar Rakan. Mijinta ya rasu shekara shida, ta dawo gida. Ita ke dafa abincin da Rakan ke kawo min a kula mai hawa uku. Na ci abincinta shekara biyu ban san muryarta ba. Ran nan farkon kaka sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba.

"Salamu alaikum. Kabira ce. Malam, in ba ka cin kuɓewa ka faɗa, ba sai ka riƙa dawo min da ita kamar wasiƙa ba. Kuma hannun kular nan kullum da baƙin mai."

Na saurara sau shida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta Katsina, da Larabci tsamo-tsamo a ciki. Na danna na ce, "Hajiya, kuɓewa ba ta yi min komai ba. Gishiri ne ya yi yawa."

Rakan da ya ji ya kama kai. "Mu'allim, kalas! Ka mutu da yunwa. Ni kaina ba na faɗa mata haka."

Washegari kula ta zo, kuɓewar ce dai. Saƙo ya biyo baya, kalma biyu: "Yanzu fa?"

Na ce ya yi.

Daga nan aka fara. Ba wata maganar banza, kada ku sa rai. Ta tambaye ni me nake ji a cikin dunƙulen ƙasa, na tura mata tsofaffin saƙonnin Rakan na ce ta canka. Ta faɗi sau huɗu a jere. Na biyar ta ce, "Wannan dum ce, ko in daina girki." Dum ce. Daga wasa na uku ita ta koma riƙe wayar a filin waje, don Rakan da safar hannu yake, Abdulmuhaimin kuma ba ya iya riƙe waya bai yi ihu a cikinta ba.

A filinmu nake ganinta. Tana zama a kujerar bayan farar motar yayanta, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Baƙar abaya mai ɗinkin zare ruwan ƙasa a bakin hannu, niƙabi, tabarau mai siririn ƙarfe, koren fulas ɗin shayi a cinya. Abin da na sani na fuskarta ke nan: tabarau da ido biyu. In Rakan ya shiga kwana takan dafe fulas ɗin da hannu biyu kamar shi zai faɗi. Ni kuma, Allah Ya yafe min, akwai tseren da ban kalli babur ba sam.

Ban taɓa ce mata komai ba. Sau ɗaya na danna na ce, "Hajiya, da ina da takarda..." na tsaya, na goge. Da wane baki? Mutumin da ko layin waya da sunan wani ya yanka.

Bana sai Allah Ya ba mu sa'a. Mun ci bakwai cikin tara. Saura na Bahra. Ana saura mako biyu Abdulmuhaimin ya shigo da hantsi da gurasar tamis da wake a leda, ya ja kujera, abin da bai saba ba.

"Mu'allim, ci."

"Na karya, Maigida. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya gyara zaman shimaginsa, gyalen kan nan na Larabawa, a kafaɗa. "In muka ci Bahra mun hau daraja ta ɗaya. Turki, mai kayan gyaran nan na Jidda, zai ɗauki nauyinmu. Ya ba mu warsha babba a can, da sanyi, da komai."

"Madalla."

"Sai dai a daraja ta ɗaya duk wanda zai taɓa babur sai da kati. Kati kuma sai da lambar igama."

"Na gane."

"Za mu san yadda za a yi da kai, wallahi. Ba za mu yar da kai ba."

Yana maganar yana kallon kwalbar man birki a kan kanta, mu da ba mu da birki. Na ce Allah Ya ba da sa'a. Ya tafi ya bar waken.

Sauran kuma Rakan ne ya kawo min, yana kwance a ƙarƙashin fanka yana danna waya. Hausarsa a karye take, amma ta isar. "Mu'allim, ka sani? Turki yana so Kabira. Matarsa ta rasu bara. Yaya ya ce tamam, ya ce mata shekara talatin da tara ba wasa. Ita ta ce sai bayan Bahra."

Ina ɗaure noti a lokacin. Na ɗaure shi har ya tsinke.

To ku haɗa da kanku. In mun ci, babura su tafi Jidda, Rakan ya bi su, kula ta daina zuwa, waya ta daina ƙara ranar Juma'a, Turki ya shiga gidan Shisha da turarensa. In mun faɗi, komai na nan yadda yake, aƙalla shekara guda. Mako biyu ina gyara injin Rakan da wannan a kaina. Na gyara shi kuwa, gyaran da ban taɓa yi wa wani ƙarfe ba. Hannuna bai san munafunci ba. Bakina ne.

Ranar ta zo. Na dawo daga masallaci, na rataye jallabiya, na ɗaure musu babura, suka tafi. Na ja ƙofa rabi, na kifa bokiti. Layinmu ranar Juma'a ba kowa, duk shaguna a rufe, sai ɗigar ruwan na'urar sanyin maƙwabci a kan kwano. Ƙarfe huɗu saura waya ta yi ƙara.

"Mu'allim, ka wanke kunnenka?" in ji Kabira. Bayanta injuna na ta gurnani.

"Tun jiya. Yaya hanya?"

"Lafiya lau. Yaya ya yi faɗa da mutum uku tun kafin mu sauka. Ga Rakan da ƙasarka. Bismillah, jefa!"

Dum.

Ko kurma ya ji ta. Sun zuba wa filin ruwa kamar za su shuka shinkafa. Sittin ce, ba tantama.

Na kalli ƙusar nan ta uku ta ƙofar ɗakina da ke buɗe.

"Mu'allim?" Muryar Rakan. "Kam? Nawa?"

Na ce, "Hamsin da bakwai."

"Akid? Ka tabbata? Ni na ga kamar..."

"Ni ne bakanike ko kai?"

Ya yi dariya. "Kai ne, ya ammi, kai ne, kawu."

Ga shi na faɗa. Ba shaiɗan ba ne, ba zamewar harshe ba ce, ni ne. Na ce a raina zai yi nauyin tashi, ya zo na uku ko na ƙarshe sau biyu, maki ya zube, kowa ya ce ranar ce ba tamu ba. Iyakar abin da na lissafa ke nan. Na san sauran, na ƙi kallonsa.

Kabira ba ta kashe wayar ba, haka muka saba. Na ji an ɗaga igiyar tashi. Cikin injuna huɗu na tsinci namu kamar yadda uwa ke tsintar kukan ɗanta. Yana nishi. Ana danna masa wuta yana neman ya shaƙe, kamar mai hawan dutse da buhu. Rakan ya ga an bar shi, ya murɗe totur gaba ɗaya, ya fita ta waje inda ƙasar ta fi zurfi. A kwana ta biyu taya ta kama. Babur mai nauyin giya in ya kama a ƙasa irin wannan ba ya juyawa, miƙewa yake, gabansa ya ɗaga.

"Ya Sattar!" Kabira ta ƙwala.

Sai ƙarar katako, ƙiiii, doguwa. Sai ihun mutane. Na miƙe tsaye, bokiti ya faɗi. Ina ta "Hajiya! Hajiya!" ba ta ji na.

Bai faɗi ba. Ya goga katangar katako da gwiwa da kafaɗa, ya riƙe, ya ƙarasa na ƙarshe. Wannan daga baya na sani. A lokacin abin da na ji kawai hayaniya na raguwa, takun takalmi a kan tsakuwa, ƙofar mota ta rufe. Ta shiga mota ita kaɗai.

"Mailafiya."

Ba Malam, ba Mu'allim. Ba ta taɓa kiran sunana haka ba.

"Ƙasar nan dum ta ce. Ina da kunne. Kai ka koya min."

Na durƙusa gaban wayar. Ta ci gaba.

"Na yi shiru don na ce ka fi ni sani. Na ce wataƙila akwai abin da ka ji ban ji ba. Akwai?"

"Babu."

Na ji numfashinta a cikin niƙabi. "Ƙanina ne a kan abin nan. Kuma ba shi da birki."

Na ce, "Kai masa wayar."

Ta kai. Na ce, "Rakan, cire faifan nan yanzu. Sittin. Ka saki sarƙa kaɗan, yatsa biyu. In aka tashi kada ka fita waje, ka manne da farin layi har zagaye na biyu, ƙasar ciki za ta fara bushewa."

"Ka ce hamsin da bakwai!"

"Kuskure na yi."

Yana haki yana dariya. "Yaa jama'a, Mu'allim ya tsufa! Shekara tara, yau ya tsufa! Wandona ya yage, kai za ka ɗinke."

Ya yarda da ni nan take. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Sauran tserensa huɗu ya ci uku, ya zo na biyu a ɗaya. Wayar tana kan kujerar mota, ba mai yi min magana, amma ina jin injin daga nesa. Ya buɗe murya tas, ba shaƙewa ba gargada, tun daga tashi har tuta. Aikina ne. Ina zaune a ƙasa kusa da bokiti ina jin aikina yana kwashe min komai, kuma wallahi daɗin sautin bai fasa shiga jikina ba. Mu arba'in da shida, su arba'in da huɗu. Na ji Abdulmuhaimin yana kabbara kamar zai tsage. Sai wayar ta mutu.

Na ɗaga bokiti na ajiye a wurinsa. Na share warsha duk da a share take. Aka kira magariba na tafi.

Baburan ba su dawo ba, daga Bahra Jidda aka wuce da su. Asabar na buɗe ƙofa, sai tabon mai huɗu a siminti inda suke tsayawa. Rakan ya turo bidiyo suna ɗaga shi sama, Abdulmuhaimin ya turo "Mabruk ya Mu'allim" da hoton kofi. Ita ba komai. Kula ba ta zo ba. Lahadi ba ta zo ba. Na sayi shinkafa bukari a bakin titi, na ci rabi a tsaye. Na ɗauki saƙo goma sha ɗaya ina gogewa. Na sha biyun na tura: "Hajiya, ba ni da abin cewa. Na yi." Alama ta nuna ta saurara. Shiru. Litinin na wanke sifanu ɗaya bayan ɗaya da kananzir, na jera su, na sake jerawa.

Talata da azahar sai ga Rakan yana ɗingishi, kula a hannu.

"Ga shi. Ta ce in ba ka a hannu, kada in buɗe. Yau nauyi gare ta, me ta sa, dutse?"

Sai da ya zauna ya fara danna waya na shiga ɗaki na buɗe. Hawan sama tuwon shinkafa. Na tsakiya kuɓewa. Na ƙasa leda ce a ɗaure tam. Na kwance. Ƙasa ce, ja-ja mai duhu, da ɗanshinta.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Saƙon Kabira ne.

"Shekara tara kana jin ƙasar mutane ba ka taɓa taɓa ta ba. Ga ta Bahra nan, daga kwana ta biyu, gindin katakon. Da hannuna na ɗebo. Ka riƙe ta ka san abin da ka yi." Ta ɗan tsaya, na ji ƙarar cokali a kofi. "Na gaya wa Yaya komai. Ya ce ka zo Juma'a bayan la'asar. Gida, ba warsha ba. Kuma ka wanke hannun nan da kyau, kujerunmu farare ne."

Na saurara ban san sau nawa ba. Na fito.

"Rakan, me ya faru a gidanku?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wallahi ma adri, ban sani ba. Jiya sun rufe ƙofar majalisi, falon baƙi, ita da Yaya, awa ɗaya. Ya fito bai ci abinci ba. Ya kira Turki, magana doguwa. Ni an ce in fita." Ya dube ni. "Kai ka yi wani abu?"

"Yaya gwiwar?"

"Tana nan. Ɗinki huɗu. Ba komai, Mu'allim, kowa yana kuskure."

Komai, ta ce. Ban sani ba ko hamsin da bakwai ta faɗa masa, ko dalilin hamsin da bakwai, ko duka biyun. Na tambaye ta, ta saurara, ba ta amsa ba. Shekara tara ina yi wa mutumin nan aiki ban taɓa taka ƙofar gidansa ba. Ko kira ne na kora da mutunci, ko ɗayan da ban isa in faɗa da bakina ba.

Bayan Rakan ya tafi na gutsuri ƙasar na dunƙula. Sanyi gare ta, tana manne wa yatsa. Na ja baya na jefa a ƙofar warsha.

Dum.

Yau Alhamis. Na kai jallabiya wurin guga, na sayi sabulu mai yashi, na goge farcena har ya yi jini, baƙin bai gama fita ba. Sauran ƙasar na mayar a leda na rataye a ƙusa ta uku.

Abu ɗaya na yanke. Ko ta faɗa masa ko ba ta faɗa ba, kafin in zauna a farar kujerar nan zan ce a kira Rakan, in faɗi lambar da bakina a gabansu, in ce ba kuskure ba ne. In ya so bayan nan a zuba shayi ko a nuna min ƙofa.

Daga Rusaifa zuwa Shisha ba shinge, ba mai tambayar igama, tasi ɗaya ce. Ban taɓa jin tsoron hanya irin wannan ba.